Wa zai biya kuɗin tare zafi a gidan haya? Darasi daga Faransa da Jamus

A Faransa akwai gidajen da jama'a suka laƙaba wa suna "rariyar zafi". Gidaje ne da ɗumi ke tsiyayewa daga cikinsu ta rufi da bango da tagogi, kamar yadda gari ke zuba daga rariya, har mazauninsu ya kashe kuɗi mai yawa a kan gas ko lantarki lokacin hunturu amma ya kwana yana rawar ɗari. Tun daga ranar 1 ga Janairun 2025, doka ta hana a bayar da mafi lalacewa daga cikinsu haya da sabuwar yarjejeniya, sai an gyara.

Gyaran da ake nufi ba wani abin al'ajabi ba ne. Ana shimfiɗa audugar gilashi ko soso na musamman tsakanin rufi da silin, a liƙa makamancinsa a jikin bango, a sauya tagogi da masu gilashi biyu. Waɗannan kaya suna rage gudun zafi daga wuri mai ɗumi zuwa wuri mai sanyi, don haka na'urar ɗumama ɗaki ko ta sanyaya shi ba ta yin dogon aiki. Makamashin da ake ƙonawa ya ragu, hayaƙin da ke ɗumama duniya ma ya ragu.

Kura da shan bugu

Inda gizo ke saƙa shi ne gidan haya. Wanda ke zaune a gidan kansa, idan ya kashe kuɗin gyara, shi zai ga rangwame a takardar kuɗin wuta. A gidan haya kuwa, mai gida ne zai biya ma'aikata da kaya, ɗan haya ne zai more sauƙin. A idon mai gida, wannan shi ne kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Shi ma ɗan haya ba zai zuba dukiyarsa a rufin da za a iya tashinsa daga ƙarƙashinsa baɗi ba. Haka gidan zai zauna, kowa na jiran ɗan'uwansa.

Faransa ta tunkari matsalar da hannu biyu, ɗaya riƙe da tallafi, ɗaya da bulala. Kowane gida yana da maki daga A zuwa G gwargwadon makamashin da yake ci. A 2020 aka ƙaddamar da shirin tallafi mai suna MaPrimeRénov', wanda ke biyan wani kaso na kuɗin gyara, aka kuma buɗe shi ga masu bayar da haya a 2021, bisa sharaɗin gidan zai ci gaba da zama na haya na wasu shekaru. Sai dokar yanayi ta watan Agustan 2021 ta kawo bulalar: daga Agustan 2022 an hana ƙara kuɗin haya a gidaje masu makin F da G, a 2025 aka rufe ƙofar sabuwar haya ga masu G, masu F za su biyo baya a 2028, masu E kuma a 2034. Hikimar jadawalin ita ce mai gida ya san ranar da abin zai iso kansa tun da sauran shekaru, ga kuma kuɗin gwamnati a ajiye idan ya yi niyyar gyara.

Jamus ta bi wata hanyar. Ƙasar na karɓar haraji a kan hayaƙin gas da man da ake ɗumama gidaje da su, kuma da farko 'yan haya ne ke ɗaukar nauyin gaba ɗaya. Daga Janairun 2023 aka raba shi mataki goma: gwargwadon yadda gida ke ɓarnar makamashi, gwargwadon kason mai gida, har ya kai kashi 95 cikin 100 a gidaje mafi muni. Ta haka rufin da ke tsiyayar da ɗumi ya koma yana taɓa aljihun wanda ke da ikon gyara shi.

Gaggawa da ɓarnarta

Tallafi kaɗai ba ya wadatarwa, musamman idan an yi shi cikin hanzari. A Ostireliya, shirin saka kayan tare zafi a rufin gidaje da aka fara a 2009 ya jawo kamfanoni marasa ƙwarewa suka yi wa aikin rubdugu. Matasa huɗu masu aikin sakawa suka rasa rayukansu, gobara ta tashi a gidaje da dama, aka rufe shirin a Fabrairun 2010. A Ingila kuma, tallafin da aka buɗe a Satumban 2020, wanda ya yi alkawarin biyan kashi biyu cikin uku na kuɗin gyara har zuwa fam 5,000, bai wuce Maris na 2021 ba aka soke shi, bayan jinkirin biya ya gajiyar da 'yan kwangila da masu gidaje.

Ina ruwan ma'aikacin Abuja?

A nan zafi muke neman tarewa a waje, amma ƙa'idar ɗaya ce. Tun da gwamnatin Obasanjo ta mayar da alawus ɗin gida kuɗi a 2003, aka kuma sayar da gidajen gwamnati a Abuja daga baya, ma'aikata da yawa suka koma 'yan haya a Kubwa da Lugbe da Nyanya da Mararaba. Duk wanda ya kwana a ɗaki mai rufin kwano da siririn silin a watan Maris ya san yadda zafin yini ke sauka cikin dare. Fanka sai ta kaɗa iska mai zafi, na'urar sanyaya ɗaki kuma ta cinye kuɗin mita, musamman tun Afrilun 2024 da hukumar NERC ta ɗaga farashin wutar rukunin Band A zuwa naira 225 kowane ma'auni. Idan aka ɗauke wuta, janareta ya karɓa, da tsadar fetur da hayaƙinsa.

Magabata sun san maganin wannan. Soron ƙasa mai kaurin bango da rufin azara yana riƙe sanyi da rana, ya saki ɗumi da dare a lokacin hunturu. A takarda ma ba a bar mu a baya ba: a 2017 Ma'aikatar Wutar Lantarki, Ayyuka da Gidaje, ƙarƙashin Babatunde Fashola, ta fitar da ƙa'idar gini mai tsimin makamashi tare da tallafin Jamus, wadda ta tanadi saka abin tare zafi a rufin sababbin gine-gine. A 2021 kuma Shugaba Buhari ya yi alkawari a taron yanayi na Glasgow cewa Najeriya za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda ake shanyewa nan da 2060.

Sai dai ƙa'idar 2017 ta dubi sabon gini ne, alhali mafi yawan 'yan haya suna cikin tsofaffi. Ga masu rubuta wa ministoci da 'yan majalisa takardun shawara, abin da ƙasashen nan suka gwada ya nuna inda ya kamata a fara: a sami hanyar auna gida da ba shi maki, a horar da masu aikin kafin a saki kuɗi, a sa wa'adi mai nisa wanda ba za a riƙa ɗagawa ba, sannan a ɗaure tallafin da sharaɗin kada a ƙara kuɗin haya saboda gyaran da gwamnati ta biya. Idan babu sharaɗi na ƙarshen nan, ma'aikacin da aka sanyaya wa ɗaki zai biya sanyin a ranar sabunta haya.