Kalmar "Bless": Daga Jini Zuwa Albarka

Kowace safiya a wurin sujada muna jin kalmar nan ta Turanci, "bless". Muna faɗinta a kan abinci, muna rufe wasiƙa da ita. Amma mu nawa ne muka san asalinta?

Ma'anarta kashi huɗu ce. Na ɗaya, keɓe abu domin Allah, kamar yadda fasto yake yi da gurasa da ƙoƙo a Jibin Ubangiji. Na biyu, roƙa wa mutum alheri. Na uku, yabon Allah. Na huɗu, samun baiwa. Mu mutanen Tiga muna iya cewa "we are blessed with water", gama tun da aka gama dam a 1974, ruwansa yake ciyar da noman rani a Kadawa da Kura.

Asalinta kuwa abin mamaki ne. A tsohon Turanci ana cewa "bledsian", masana harshe kuma sun ce tushenta ɗaya da "blood", wato jini. Kakannin mutanen Ingila sukan yi wa gumakansu yanka, su yayyafa jinin a kan bagadi. Abin da jinin ya taɓa ya zama keɓaɓɓe.

A shekara ta 597 Agustin ya zo Ingila daga Roma da bishara. Masu wa'azi suka nemi kalmar da za ta fassara "benedicere" ta Latin, wato faɗin alheri, sai suka ɗauki wannan tsohuwar kalma suka ba ta sabon aiki. Haka ma waɗanda suka fassara Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda ya fito a 1932, a bakin jama'a suka tarar da "albarka", wadda Hausa ta aro daga Larabci.

To, ina darasi? Da yawa a cikinmu jikokin Maguzawa ne daga ƙauyukan Kiru, Bebeji, Tudun Wada da Doguwa. Kakanninmu sun yanka kaji da awaki domin iskoki. Mun lura waɗansu ɗalibai suna jin kunyar wannan, har sukan ɓoye sunan ƙauyensu. Ba dalili. Turawan da suka kawo mana bishara, kakanninsu ma haka suka yi, ga shaida nan a harshensu har yau. Allah da bai yar da kalma saboda asalinta ba, ba zai yar da mutum ba.

Ku 'yan aji shida masu fita, ku koma gida ku gaishe da tsofaffinku da ladabi. Ubangiji ya sa muku albarka.