Kura Gari Ko Kura Dabba? Yadda Kwamfuta Ke Duba Manyan Baƙaƙe

Ruwan Madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, shi ke raya gonakin rani na Kura da Bunkure da Kadawa. Ma'aikacin da ke buga rahoton rabon wannan ruwa a kwamfuta yakan tarar ta ja jan layi a ƙarƙashin sunayen garuruwan, domin ba sa cikin ƙamusun da ta zo da shi. Maganin abin shi ne ya zuba su cikin ƙamus na ƙashin kansa. To, a nan ne girman baƙi ke yin tasiri.

Manhajojin duba rubutu, irin su Hunspell da ke cikin LibreOffice da Firefox, suna bin ƙa'ida mai sauƙi. Idan aka shigar da kalma da ƙananan baƙaƙe zalla, wato "bunkure", manhaja za ta karɓe ta ko an rubuta bunkure, ko Bunkure, ko BUNKURE, saboda kowace kalma gama-gari tana iya faɗowa a farkon jimla ko a kan magana. Amma idan aka shigar da "Bunkure", sai ta ƙi yarda da ƙaramin baƙi a farko. Ke nan wanda ya yi gaggawa ya zuba suna da ƙananan baƙaƙe ya rufe wa manhajar ido da hannunsa, kuma ba za ta sake nuna masa wannan kuskuren ba.

Sha'anin Kura ya fi wuya. Idan ƙamus na Hausa ne, tilas akwai "kura" dabba a ciki. Don haka in an rubuta cewa an kai takin zamani kura, manhaja ba za ta ce uffan ba, domin siffar kalma take dubawa, ba ma'anarta ba.

Sai kuma "ƙura". A tsarin Unicode, ƙ da Ƙ kowanne da lambarsa, an kuma haɗa su a matsayin ƙarami da babba. Haka ɗ da Ɗ, da ɓ da Ɓ. A shekarun 1990 kuwa, masu buga Hausa da yawa sukan ari gurbin wata alama su ɗora baƙi mai lanƙwasa a kai. Mai karatu ya ga ƙ a takarda, kwamfuta kuwa alamar da aka ara take gani. Tsohon rahoton da aka buga ta wannan hanya sai an musanya baƙaƙensa tukuna kafin a duba shi.