Baro: Ƙaramin Gari Mai Babbar Tasha A Gaɓar Kogin Kwara

Garin Baro yana cikin Ƙaramar Hukumar Agaie ta Jihar Neja, a gaɓar Kogin Kwara, sama da Lokoja inda Kwara ta haɗu da Binuwai. Gari ne ƙarami da ke zaune a tsakanin tudu da ruwa: a bayansa akwai dutsen da Turawan mulkin mallaka suka gina gidajensu a kai, a gabansa kuma ga kogi da fadamu masu faɗi waɗanda ruwa yake rufewa da damina.

Yawancin mazauna garin Nufawa ne, sai Hausawa 'yan kasuwa da masunta da Fulani makiyaya. Ƙidayar jama'a ta shekarar 2006 ta nuna cewa ɗaukacin Ƙaramar Hukumar Agaie tana da mutane fiye da dubu 130, Baro kuwa yanki ne kaɗan daga cikinsu. Sana'o'in jama'a sun dogara ne ga kogin, wato su, da noman shinkafa a fadama, da fiton mutane da kaya cikin kwale-kwale zuwa kasuwannin bakin ruwa irin ta Katcha, wadda ta yi suna wajen cinikin kifi.

Wurin da garin yake shi ne ya jawo masa ɗaukaka tun farko. A shekarar 1907, zamanin Gwamna Percy Girouard, aka fara shimfiɗa layin dogo daga Baro, ya bi ta Minna da Zariya, ya isa Kano a 1911. Jiragen ruwa suna kawo gishiri da yadi daga teku, jirgin ƙasa kuma yana sauko da gyaɗa da auduga da fatu. Amma wannan arziki bai daɗe ba, domin da aka gama gadar Jebba, kaya suka riƙa wucewa kai tsaye daga Kano zuwa Ikko ba tare da an sauke su a bakin ruwa ba. Daga baya jirgin ƙasa ya daina bin reshen Minna zuwa Baro ɗungurungum.

Wani abin da ya rage wa garin ƙarfi shi ne halin kogin kansa. Manyan jirage ba sa iya kaiwa Baro sai lokacin cikar ruwa, daga tsakiyar damina zuwa farkon kaka. Da rani yashi yakan tare hanya. Idan kuma ruwan ya yi yawa, kamar yadda aka gani a 2012 da 2022, ambaliya takan cinye gonakin da ke gaɓar Kwara.

Domin magance wannan ne Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da aikin yashe kogin daga Warri zuwa Baro, nisan kilomita 572, a shekarar 2009, zamanin Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa. A watan Janairu na 2019 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe sabuwar tashar jiragen ruwa ta Baro, wadda ta ci kuɗi kusan Naira miliyan dubu shida. Sai dai shekara biyar bayan wannan biki tashar ba ta fara karɓar kaya sosai ba, saboda hanyar mota daga Agaie ta Katcha zuwa Baro ba ta kammala ba, layin dogo kuma bai farfaɗo ba.

Ga 'yan kasuwar da ke safarar hatsi, siminti da takin zamani tsakanin kudu da arewa, lissafin a fili yake. Jirgin dakon kaya guda yana ɗaukar abin da manyan motoci da dama za su ɗauka, kuma da rahusa. Amma ba za a ga wannan riba ba sai kayan sun sami hanyar fita daga bakin kogin. Kafin wannan lokaci, abin da Baro take da shi a hannu shi ne busasshen kifi da shinkafa, kuma duk mai son sayensu da yawa zai fi samun sauƙi idan ya shiga yankin bayan ruwa ya janye.