Karatun Tsantsar Lissafi Bayan Digiri na Farko

Sau da yawa idan aka ji ɗalibi ya ce yana neman digiri na uku a fannin lissafi, sai a ɗauka cewa manyan lambobi yake ta tarawa da ɗebewa. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana ainihin abin da ake yi a wannan mataki, tare da kawo misali guda.

Lissafi a jami'a ya kasu gida biyu. Akwai na aiki, wanda injiniyoyi da masana tattalin arziki ke dogara da shi. Akwai kuma tsantsar lissafi, watau nazarin lambobi da siffofi domin sanin ƙa'idojinsu kawai, kamar aljabara da jometiri. A digiri na biyu ɗalibi yakan zurfafa a waɗannan rassa. A na uku kuwa, dole ya rubuta kundi mai ɗauke da sabuwar hujja da babu wanda ya riga shi kafawa, sannan ya kare shi gaban masu jarrabawa.

Hujja ita ce ginshiƙin wannan ilmi, domin yawan misalai ba ya tabbatar da ƙa'ida. Alal misali, 3×3 da 4×4 idan aka tara su sukan ba da 5×5, watau 9 da 16 sun zama 25. Wajen shekarar 1637 wani Bafaranshe, Pierre de Fermat, ya yi da'awar cewa idan aka jera kowace lamba sau uku ko fiye a cikin ninkin, kamar 3×3×3, ba za a taɓa samun cikakkun lambobi uku masu irin wannan daidaito ba. Bai bar hujjarsa ba. Ya zuwa 1993 na'urorin kwamfuta sun gaskata maganar har zuwa jeri miliyan 4, amma masana ba su gamsu ba, saboda lambobi ba su da iyaka.

Andrew Wiles, mutumin Ingila, ya ci karo da wannan matsala tun yana ɗan shekara 10. Da ya shiga karatun digiri na uku a Jami'ar Kambirij, sai malaminsa John Coates ya ɗora shi a kan nazarin wasu lanƙwasassun layuka da ake kira eliftik, aikin da a lokacin ba a ga dangantakarsa da mafarkinsa ba. Ya sami digirin a 1980. A 1986 Ken Ribet ya tabbatar da cewa mabuɗin da'awar Fermat yana cikin waɗannan layuka. Daga nan Wiles ya duƙufa shekara 7 a asirce a Jami'ar Firinsiton ta Amurka. Ya bayyana hujjarsa a 1993, amma masu tantancewa suka gano giɓi a cikinta. Sai a 1994 ya cike giɓin tare da tsohon ɗalibinsa Richard Taylor, aka buga aikin a 1995.

Wannan labari ya nuna abubuwa biyu. Na farko, zaɓin da malami ya yi wa ɗalibi yana iya zama jarin rayuwarsa. Na biyu, ba a karɓar magana don girman mai ita, sai hujjarta ta tsallake tantancewa.

Saura tambayar da iyaye da hukumomi kan yi: ina amfaninsa? Tun 1985 Neal Koblitz da Victor Miller suka nuna yadda za a ɓoye saƙonni ta amfani da layukan eliftik, kuma a yau dabarar tana cikin abubuwan da ke tsare hirar wayar hannu da cinikin intanet. Saboda haka jami'ar da ta yi watsi da wannan fanni don ba ta ga ribarsa nan take ba, tamkar manomi ce da ya cinye irin shukarsa.