Yadda Muka Ba Uwar Garkenmu Adireshin Dindindin

Duk wanda ya shiga ɗakin kwamfuta na makarantarmu ya ga wata kwamfuta a kusurwa wadda ba a barin kowa ya zauna a gabanta. Ita ce uwar garke, wasu kuma suna ce mata saba. A cikinta ake ajiye makin jarrabawa da sunayen ɗalibai, kuma wurinta sauran kwamfutoci suke zuwa neman su. Mu 'yan ƙungiyar kwamfuta muna so mu bayyana wa malamanmu da iyayenmu da 'yan'uwanmu ɗalibai wani ɗan aiki da muka koya a kanta bana, gama rashinsa ya kusa hana a ba da sakamakon zango na biyu a kan lokaci.

Ga abin da ya faru. An ɗauke wuta da dare, da safe aka ta da janareta, kwamfutoci duka suka tashi lafiya. Amma malaman da suka zo shigar da maki suka nemi uwar garke suka rasa. Tana kunne, wayarta a jone, ba abin da ya ƙone. Adireshinta ne kawai ya canja, alhali kwamfutocin malamai tsohon suka sani.

Kowace na'ura da ke cikin sadarwa tana da lambarta, wadda ake kira adireshin IP. Irin wanda aka fi sani lambobi huɗu ne da ɗigo a tsakaninsu, kowace daga 0 zuwa 255, misali 192.168.1.25. A Amurka aka tsara shi, aka fitar da ƙa'idarsa a 1981. Waɗanda suka fara da 192.168 an keɓe su don aikin cikin gida, saboda haka mu da asibitin da ke maƙwabtaka da mu muna iya amfani da lambobi iri ɗaya ba tare da rikici ba.

To, wa yake raba waɗannan lambobi? Ku tuna da ranar kasuwa. Baƙin 'yan kasuwa sukan zo, sarkin kasuwa ya nuna wa kowa inda zai baza kayansa na wannan rana. A sadarwa, wannan aikin wani tsari ne mai suna DHCP, wanda ya fito a 1993, kuma a wurinmu yana cikin rauta, wato ƙaramin akwatin nan mai ƙyaftawa da yake raba intanet. Aro yake bayarwa, da wa'adi. Sau da yawa yakan mayar wa na'ura lambarta ta jiya, amma bai yi alkawari ba, wasu ƙananan rautoci ma da an ɗauke wuta sun manta wa suka ba me. Mai tallan gyaɗa ba ruwansa da inda aka ajiye shi. Amma mahauci, wanda kowa yake nemansa, dole rumfarsa ta zauna wuri ɗaya. Uwar garke mahauci ce.

Abu huɗu ake rubuta mata da hannu, na farko kuwa shi ne adireshin kansa, kuma nan ne aka fi yin kuskure. Ba a ɗaukar 0 a ƙarshe, gama sunan unguwar ce gaba ɗaya. Ba a ɗaukar 255, gama da ita ake yi wa kowa shela. Lamba 1 kuma yawanci ta rauta ce. Sai a shiga rauta a duba daga ina zuwa ina take ba da aro. Tamu daga 100 zuwa 200 take rabawa, don haka muka zaɓi 192.168.1.10, can waje da rabonta. Da mun ɗauki 150, wata rana sai rauta ta ba wayar wani malami wannan lamba, a sami mutum biyu a rumfa ɗaya. Wannan ya fi mutuwar sadarwa gaba ɗaya ban haushi, domin abin yakan yi aiki yanzu, an jima ya ƙi, a yi ta zargin waya da ba ta yi laifin komai ba. Kafin mu ɗauki 10 ɗin ma sai da muka ƙwanƙwasa ta da umarnin ping, muka kuma bincika na'urar buga takardu ta ofis, gama na'urar da take kashe ba ta amsawa ko da lambar tata ce.

Na biyu shi ne lambar iyaka, 255.255.255.0. Ma'anarta, lambobi uku na farko su ne unguwa, ta ƙarshe ita ce gida, wato gidaje 254 ke nan. Na uku ƙofar fita, wato adireshin rauta. In aka manta da ita, uwar garke za ta yi magana da kwamfutocin makaranta, amma ba za ta kai intanet ba. Na huɗu shi ne DNS, mai juya suna ya zama lamba. Ana iya sa adireshin rauta a nan, ko 8.8.8.8 na Google. Ga wata dabara da malaminmu ya koya mana: idan ping ya kai 8.8.8.8 amma sunan shafi ya ƙi buɗewa, kada a taɓa waya, laifin DNS ne.

A Windows akwai gurabe huɗu da ake cikewa, shi ke nan. Tamu kuwa Ubuntu take amfani da shi, inda ake rubuta su a wani fayil cikin /etc/netplan, lambar iyaka kuma a gajarce ta zama /24 a bayan adireshi. Fayil ɗin yana da tsautsayi, gama tazarar farkon layi ɗaya in ta kauce sai ya ƙi karɓa. Akwai kuma wani haɗari. Wanda yake gyara uwar garke daga wata kwamfuta, da ya canja adireshi zancensu ya yanke, kamar mai saran reshen da yake zaune a kai. Shi ya sa ake amfani da umarnin netplan try: yakan gwada sabon tsari, in ba a tabbatar cikin daƙiƙa 120 ba ya koma tsohon. Mu dai a gabanta muka zauna, da izinin malami, bayan an kwafe makin duka a wani wuri.

Akwai wata hanya, wato a gaya wa rauta ta riƙa ba uwar garke lamba ɗaya kullum, ta gane ta da lambar katin sadarwarta. Ba laifi a ciki. Amma damina ta sha ƙona rautoci a garin nan, sabuwa kuma ba ta san alkawarin tsohuwa ba, don haka muka ga gara adireshin ya zauna a jikin uwar garke.

Iyaye kada su damu, wannan adireshi na cikin gida ne, shi kaɗai bai buɗe wa kowa hanyar leƙa maki daga waje ba.

Da yake yawancinmu muna aji shida, mun rubuta lambobin nan huɗu da iyakar rabon rauta a kati, muka manna a gefen uwar garke, muka kai kwafi ɗaya ofishin mataimakin shugaban makaranta. Mun kuma keɓe 11 zuwa 20 don na'urorin buga takardu, har yanzu 13 zuwa 20 ba mai su.