Gishirin Teguidda: Yadda ɗalibai za su iya mayar da bayanan taswira zanen da ba ya dusashewa

Daga sama, Teguidda-n-Tessoumt tamkar faifan mai fenti take. Ɗaruruwan ramuka ne masu siffar da'ira, wasu ja, wasu ruwan ƙasa, wasu fari fat, inda mazauna ƙauyen ke jiƙa ƙasa mai gishiri su tace ruwanta, su bar rana ta ƙone shi. Ƙauyen na arewa da Ingal a jihar Agadez ta Jamhuriyar Nijar, kuma "tesemt" na nufin gishiri a harshen Abzinawa. Galibi dabbobi ake bai wa gishirin.

Hotunan wurin sun zaga duniya, sai dai hoto ba taswira ba ne. Ba ya faɗin sunan unguwa ko hanyar da ta ɓulle Ingal, kuma da an faɗaɗa shi sai ya dusashe. Ga ɗaliban kwamfuta a Jami'ar Agadez ko ta Abdou Moumouni da ke Yamai masu neman aikin kammala karatu, wannan giɓi dama ce.

Me ya bambanta zanen bekta?

Hoton waya tarin ƙananan ɗige-ɗige ne masu launi. Shi kuwa zanen bekta umarni ne a rubuce: ja layi daga nan zuwa can, zana da'ira mai faɗi kaza. Don haka fayil ɗaya zai fito tas a fuskar waya, ya kuma fito tas a allon da ya cika bango. Tsarin da aka fi amfani da shi a intanet shi ne SVG, wanda ƙungiyar W3C ta amince da shi a 2001.

Bayanan kuma kyauta ne a OpenStreetMap, taswirar da Steve Coast ya kafa a Ingila a 2004, wadda 'yan sa-kai ke cikawa, ciki har da matasan Nijar. A can kowane wuri ɗigo ne mai lambobi biyu, latitud da longitud. Jerin ɗige ya zama hanya, jerin da ya koma mafarinsa ya zama gini ko tafki.

Matakan aikin

Mataki na farko shi ne yanke iyaka. Ƙauye ɗaya da filin gishirinsa ya ishi zangon karatu guda. Wanda ya ce sai jihar Agadez baki ɗaya, ya ɗauko Dala ba gammo.

Na biyu, a sauko da bayanan sau ɗaya ta Overpass a adana, domin sauran aikin ba ya buƙatar intanet. Inda aka ga ramin da ba a zana ba, sai a fara zana shi a OpenStreetMap ɗin, kowa ya amfana. Kwafowa daga Google Maps ya saɓa wa ƙa'ida.

Na uku, a rubuta manhaja da Python da za ta mayar da lambobin duniya zuwa ma'aunin shafi. A nan ake yawan tuntuɓe. Teguidda na kusan digiri 17 arewa, inda digiri ɗaya na longitud yake kimanin kilomita 106, na latitud kuwa kusan 111. In ba a daidaita ba, ramuka masu da'ira za su fito kamar ƙwai. Haka kuma SVG daga sama yake ƙirgawa zuwa ƙasa, saboda haka wanda bai juya lissafin ba zai tarar arewa ta koma kudu.

Na huɗu, a ba kowane rukuni launinsa, a gwada sakamakon da QGIS, a gyara rubutu da Inkscape. Dukkansu kyauta ne. Lasisin ODbL ya wajabta a rubuta cewa bayanan na masu ba da gudummawa ga OpenStreetMap ne.

Abin da manhaja ba ta sani ba

Sunaye a bakin mutane suke. Mutanen Teguidda da Ingal na magana da Tasawaq, harshen da masu jinsa ba su da yawa. Tun da rubutu a SVG yana zaman kansa, taswira ɗaya za ta iya ɗaukar sunayen wurare da Tasawaq, Hausa, Faransanci da haruffan Tifinagh, kowanne a shimfiɗarsa.

Wannan sai an zauna da dattawan gari. Ramukan gishiri dukiyar iyalai ce, kuma manna sunan wani a kan rami ba da yardarsa ba na iya tayar da husuma.

Yankin ba baƙo ba ne ga masu rubuta ƙasa. Ibn Battuta ya ziyarci Takedda a 1353, wadda masana da dama ke cewa ita ce kangon Azelik da ke kusa, inda daga baya kamfanin SOMINA ya haƙi yuraniyom. Baƙi sun daɗe suna auna wannan ƙasa don bukatunsu. Ɗalibin da ya kai taswirar da aka buga makarantar ƙauyen, da sunayen da yaran ke ji a gida, ya bai wa masu ƙasar tasu.