Yadda Zanen Wani Mutum Ya Ba Wata Ƙasa Fuska

Shin kun taɓa lura cewa wurare da yawa da muke jin mun san su, a hoto kawai muka san su? To, bari mu ɗauki misali guda daga Amurka.

Akwai wani yanki mai suna Yellowstone, mafi yawansa a jihar Wyoming. Wuri ne mai kwazazzabai masu zurfi da maɓuɓɓugan ruwan zafi da ke tsartuwa sama. Maharba sun daɗe suna ba da labarinsa, amma mutanen birni suka ɗauka tatsuniya ce. A 1871 aka tura ayarin bincike ƙarƙashin Ferdinand Hayden, cikinsu har da mai zane Thomas Moran da mai ɗaukar hoto William Henry Jackson. Hoton wancan zamani baƙi da fari ne kawai, don haka zanen Moran ne ya nuna launin duwatsun, ja da rawaya.

Da aka kai waɗannan ayyuka gaban 'yan majalisa, sai shakka ta kau, gani ya kori ji. Ranar 1 ga Maris 1872 Shugaba Grant ya sa hannu a dokar da ta keɓe wurin, ya zama gandun ƙasa na farko a Amurka. Majalisa kuma ta sayi babban zanen Moran a kan dala 10,000. Tun daga nan, in an ce yammacin Amurka, abin da ke zuwa zukatan mutane shi ne irin wannan daji mai faɗi.

Amma fa ku lura da kyau. Mutanen da ke cikin zanen 'yan mitsi-mitsi ne, har mai kallo ya zaci ƙasar ba ta da masu ita. Alhali kuwa ƙabilu irin su Shoshone sun yi ƙarnoni suna zama da farauta a can, kuma ba a jima ba aka raba su da wurin.

Haka ma a nan gida. Dutsen Zuma da aka sa a takardar naira 100 a 1999, da yawa in sun gan shi Abuja suke tunawa, alhali a jihar Neja yake.

Saboda haka, yara, in kun ga zanen wata ƙasa, ku yaba kyansa, sannan ku tambaya: wa ya zana, me ya nuna, su wa kuma ya bari a waje? Allah ya ƙara mana basira, amin.